Ƙafar ta fara taka ƙasa, na zo godiya

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya da yamma jirginmu na ruwa ya iso Cape Town a Afirka ta Kudu, yau kuma na taka ƙafar hagu babu sanda, karo na farko cikin kwana shida. Intanet ɗin cikin jirgi ba ta ɗaukar komai sai ɗan gajeren saƙo, shi ya sa kuka ji ni shiru. Na buɗe waya na tarar saƙonni sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, ga magani yana ta kashe min jiki. Ku yi haƙuri ku karɓi wannan a madadin amsa.

Ba sai na maimaita ba, Yaya ta ba ku labarin kifi mai dafi da na taka a teku tun a ranar, har da ƙari. Wuni ɗaya tak aka ba mu a tsibirin Morishus, mu sauka da safe, mu dawo jirgi kafin ƙarfe 6 na yamma. Abin da Yaya ba ta gaya muku ba, don ita ma ba ta sani ba, shi ne tsohuwar.

Ruwan gaɓar Le Morne bai kai min gwiwa ba, garau, kana hango yatsunka. Na taka abin da na ɗauka dutse ne. Haka Allah Ya halicci kifin, ya lafe a ƙasan ruwa kamar dutse mai gansakuka, ƙayoyi 13 a gadon bayansa, kowace da dafinta. Mutanen wurin suna ce masa laf. Silifas ɗin robar da ke ƙafata bai tare komai ba. Kunama ta taɓa harbina a gidan Kaka ina ɗan shekara tara, wallahi in aka gwada da wannan, kunama wasa take yi.

Abokan karatuna suka ja ni kan yashi, kowa ya ruɗe. Wata ta ruga ta samo ƙanƙara daga wurin mai sayar da lemo. Tana shirin ɗora min sai ga wata tsohuwa, gajera, baƙa kamarmu, da baho a hannu ɗaya, butar shayi a ɗayan. Ta ture hannun mai ƙanƙarar ba tare da ta kalle ta ba. Ta juye ruwan zafi a baho, ta sirka da na teku, ta tsoma gwiwar hannunta ta gwada, irin yadda ake gwada ruwan wankan jariri, sannan ta kama idon sawuna ta danna ciki. Na yi ta fizgewa, ta ƙi saki. Hannunta na cikin ruwan nan tare da ƙafata. In ya fara hucewa ta daka wa jikanta tsawa ya ruga ya kawo wani, har sau uku. Abin da take ta faɗi kawai "pa per, mo garson", wato kada ka ji tsoro, ɗana. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin Kiriyol, harshen mutanen wurin. Daga baya likitar jirgi ta gaya min zafi ne ke karya ƙarfin dafin wannan kifi, abin da tsohuwar ta yi shi ne daidai.

Ina kwance rigingine, dutsen Le Morne na tsaye a kaina, mita 556. Da safiyar nan aka ba mu tarihinsa: a kogunansa bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu suke ɓuya, kuma ana ba da labarin cewa da aka soke bauta a 1835 aka turo 'yan sanda su sanar da su sun sami 'yanci, sai suka zaci kama su aka zo yi, wasu suka faɗo daga sama. Da safe na ji labarin ina ɗaukar hoto. Da rana kuwa ina kallon dutsen ina tunanin ko a gindinsa za a binne ni, wa zai min wanka, wa zai sallace ni. Agogon can na gaban na Kano da awa uku. Na lissafa, Umma a lokacin tana tsakar gida da kofin kunu, ba ta san komai ba. Nan ne na yi kuka, ba don zafin ba.

Direban tasin da ya kai mu ya ce kada in saka shi a wani rubutu. Baba direba, ka yafe min, ba zan iya ba. Musulmi ne, kakanninsa daga Indiya suka zo. Yarjejeniyarmu da shi ya kai mu ya dawo da mu, in sami la'asar a Masallacin Juma'a na Port Louis, babban birnin ƙasar. Sai ga shi ya kai ni wani ƙaramin asibiti a hanya, ya tsaya yana tafinta har aka yi min allura aka wanke ciwon, sannan ya kamo hanya ta cikin gonakin rake yana duba agogo. Fasfona na cikin jirgi. In jirgin ya tashi ya bar ni, ban san inda zan sa kaina ba. Muka shiga cunkoson motocin masu tashi daga aiki, ya yi ta kutsawa lungu-lungu. Muka wuce ta gaban masallacin, fari da kore, ya nuna min ta taga ya ce wata rana. Saura minti goma sha biyu muka isa tasha. Na miƙa masa duk rupin da ke aljihuna, ya cire kuɗin da muka yi ciniki da safe ya mayar min da sauran. Ya ce in ina son biyansa in yi masa addu'a a tsakiyar teku, tunda addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa ƙasa. Baba, na yi, kullum sau biyar. Allah Ya kai ka ɗakinSa, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka taɓa neman taimako ka rasa.

Abokin ɗakina, ɗan Brazil, shi ya goya ni ya hau matakalar jirgi, shi ya riƙa kawo min abinci, har ya koyi tashina da asuba. Likitar jirgi da nas ɗinta sun kwana biyu suna leƙo ni. Allah Ya saka musu da mafificin alheri. Yaya, ke kika riƙe Umma kada ta faɗi. Kawu na Fagge, na ji ka sa an sauke Alƙur'ani a daren, Allah Ya ƙara girma, Ya jiƙan magabata. Maƙwabta da suka cika gidanmu, da abokan makaranta da suka yi ta kira, Allah Ya bar zumunci, Ya tsare ku daga mugun ji da mugun gani, Ya tsare matafiyanku a tudu da ruwa.

Na kuma ji waɗanda suka ce wa ya aike shi, me ya kai ɗan Kano teku. Gidansu da namu bai kai tafiyar minti goma a adaidaita sahu ba, amma har yau Umma ba ta ga ƙeyarsu ba. Ba komai. Allah Ya ba su lafiya.

Tsohuwar nan, da za a sa ni a mota, ta cika wani tsohon fulas mai ja da ruwan zafi ta tura min tare da bahon, don kada ya huce a hanya. Bahon na bar wa Baba direba ya mayar. Fulas ɗin a rikicen hawa jirgi ya biyo ni, ga shi nan a gefen gadona, murfinsa ɗaure da roba. Ban san sunanta ba, na dai san matar masunci ce a ƙauyen Le Morne. Duk wanda Allah Ya nufa da zuwa Morishus a cikinku, don Allah ya neme ni, ina da saƙo.

Bari in kwanta, ƙafar ta fara zugi.