Alhamis, hanyar rairayi bayan Kangiwa

Mun bar Birnin Kebbi bayan sallar asuba da Hilux, buhun gero goma a baya, za mu wani ƙauye gab da iyakar Nijar. Sammakon dole ne, domin rairayi na da ɗan ƙarfi da sanyin safiya, in rana ta take sai ya saki kamar gari.

Daga inda kwalta ta ƙare sai burji mai gargada, sannan rairayi zalla. A bakinsa muka tsaya muka rage iskar tayoyi huɗun daga 35 zuwa 20 a geji. Taya mai laushi tana shimfiɗuwa ta hau kan yashi, mai tauri kuwa haƙa take yi. Aka sa fowil (wato tayoyi huɗun duka su riƙa jan motar) tun kafin a shiga, giya ta biyu, totur daidai wa daida. Canza giya a tsakiyar rairayi shi ke kafe mota, don da an taka kuloci gudun ya mutu. Birki ma haka, yashi yake tarawa gaban taya. Ɗaga ƙafa kawai ake yi ta tsaya da kanta.

Duk da haka mun kafe wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Manyan motoci sun zurfafa sawu biyu, tsakiya ta yi tudu, cikin motar ya zauna a kai, tayoyi na juyawa a banza. Nan take aka kashe inji, domin ƙarin wuta ƙarin nutsewa ne. Muka sauke buhu shida, muka kwashe yashin ƙarƙashi da shebur, muka ɗora jak kan faffaɗan katako (in babu katako jak ɗin ne zai nutse), muka cusa karan gero da rassan sabara ƙarƙashin tayoyin baya. Da baya muka fita, a kan sawun da muka riga muka danne. Wani dattijo mai amalanken shanu ya ce, "Samari, ku ɗora taya ɗaya bisa tudun, kada ku bi ramin." Haka muka yi har muka wuce.

Kwazazzabon da ruwan damina ya yanka gaba kaɗan, sai da aka sauka aka taka shi da ƙafa, aka duba gaɓar da ba ta zabge ba. A karkace muka shiga, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada bamba ta daki ƙasa.

Allurar zafin inji ta hau sau ɗaya, ƙaiƙayi da ƙura sun toshe gaban lagireto. Muka juya hancin motar ga iska, muka share, ba wanda ya taɓa murfin sai da ya huce. Jarka biyu ta ruwa muka ɗauko, rabin ɗaya ta ishe mu.

Da komowa kan burji muka mayar da iska 35 da famfon ƙafa, kusan rabin awa ana fama, domin tsakuwa na yanka gefen taya mai laushi. Gobe sai an kakkaɓe filtar iska kafin a tada inji.