Ƙuri'a Ko Zaɓe

Yau a kasuwar Mile 12 da ke Legas muna shirin fitar da sabon ma'ajin adashinmu na 'yan albasa, har an nannaɗe sunaye an zuba a hula, sai wani dattijo ya dafe hular ya ce, "Samari, ƙuri'a za ku yi ko zaɓe?" A wurinsa ƙuri'a ita ce wadda muka aro daga Larabci, a zaro suna a bar wa rabo hukunci, shi kuwa zaɓe sai an san mutum an auna amanarsa. Ƙarshe dai hannu aka ɗaga aka ƙirga.

Na dawo Agege ina tunanin cewa a zaɓen 2023 yawancin waɗanda na dangwala wa yatsa, a fosta kawai na san fuskarsu.