Gidan da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Bayan mun gama zuba gero a rumbu a kakar bana, ɗan wana da ke aiki a Abuja ya aiko mini da kuɗin mota, ya ce lallai in je in sa wa sabon gidansa albarka. Na fito daga ƙauyenmu da ke gefen kogin Haɗeja bayan sallar asuba, ɗan acaɓa ya kai ni Ringim tare da tsarabar da uwargida ta haɗa wa amaryar gidan: riɗi, daddawa, zabi biyu, da sabon turmin ƙirya da taɓaryarsa. Daga Kano muka bi ta Zariya da Kaduna, kuma sai gab da magariba Dutsen Zuma ya bayyana a gabanmu, wanda kafin ranar ban taɓa ganinsa ba sai a jikin takardar naira 100.

Unguwarsu Maitama ce, inda ofisoshin jakadanci suke da yawa, kuma an raɗa wa tituna da dama sunayen koguna da tafkuna na duniya. Da na ga an rubuta sunan Tafkin Chadi a wani allo sai na ji kamar na gamu da ɗan garinmu, domin can ruwan da ke wucewa ta bayan gonata yake nufa. A shekarar 1991 aka ƙirƙiro jiharmu ta Jigawa, a ƙarshen shekarar kuma gwamnati ta tare a Abuja, amma wanda ya dubi wuraren biyu ba zai ce tare suka tashi ba.

A bakin ƙofa ba a yin sallama. Maigadi ne ya tambayi sunana, ya buga waya sama, aka tabbatar masa ana tsammanin zuwana, sannan ya buɗe. A nan zabin suka tsaya, domin dokar gidan ta hana shiga da dabba mai rai, balle a yi yanka. Lif ya ɗaga mu zuwa hawa na bakwai, ni kuwa ina riƙe da ƙarfen jikinsa ina salati a zuci.

Gaskiya gida ya yi kyau. Ɗakuna uku ne, kowanne da banɗakinsa, ga falo mai bangon gilashi wanda daga cikinsa ake hango Dutsen Aso, ga na'urar sanyaya ɗaki da ta sa na nemi bargo, kuma a kwana huɗun da na yi wuta ba ta ɗauke ta kai minti ɗaya ba kafin janareta ya karɓa. A ƙasa akwai wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki, inda na ga manyan mutane suna biyan kuɗi domin su yi gumin da mu fartanya ke ba mu kyauta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun mallaka. Na tambaye shi iyakar filinsa, sai ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai ni abin da na saya shi ne tsakanin bangon nan huɗu. Ƙasan da ginin yake kai da matakala da lif da rufi, hakkin dukanmu ne, mu masu sassan." Ya ƙara da cewa kowace shekara kowa yana biyan kuɗin hidima, wanda da shi ake sayen man janareta, a biya masu gadi da masu shara, a gyara abin da ya lalace, kuma wanda ya ƙi biya ana iya yanke masa wuta ko da ya gama biyan kuɗin gidansa. Na ce, "To ɗana, mutum da gidansa kuma yana biyan haya?" Ya ce ba haya ba ce. Har yanzu ina ganin 'yan'uwan juna ne. A wurinmu gida yana farawa ne daga ƙasa: a ja katanga, a yi zaure, a bar fili domin ɗan da zai yi aure gobe. Nan kuwa daɓenka rufin wani ne, kuma babu inda za ka ƙara ko da akurki. Maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa ma, sau ɗaya muka haɗu a lif, ya gyaɗa kai, shi ke nan gaisuwar.

Turmin ma bai samu wuri ba. Amarya ta karɓa da ladabi, ta yi godiya, sannan ta ce, "Baffa, idan na yi daka a nan, a kan mutanen hawa na shida zan yi shi." Injin markaɗe take amfani da shi.

Da na dawo, 'yan majalisarmu ta gindin darbejiya suka yi mini caa da tambayoyi. Limaminmu ya fi kowa natsuwa wajen sauraro, sannan ya tambaya yadda za a raba irin wannan gida idan gado ya taso, tunda ba a iya jan katanga a tsakiyarsa. Aka yi ta muhawara har aka kira la'asar, wasu na cewa a sayar a raba kuɗin, wasu na cewa a sa haya. Turmin kuwa tare muka dawo da shi, yana nan tsakar gida, uwargida ta ce dama nata ya fara tsagewa.