Na dawo gida: godiyata ga Allah da mutanen Zongon Kumasi

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ku ma maƙwabtana Musulmi na Aboabo da Asawase, ina gaishe ku da babbar murya.

Ranar Talatar da ta wuce alƙali ya sallame ni, ya ce ba a same ni da laifi ba. Wata 14 ke nan da aka kama ni, tara daga ciki a tsare na yi su. Tun ranar ɗakina bai rabu da masu zuwa barka ba, ƙafata kuwa ba za ta kai ƙofar kowa ba, shi ya sa na rubuta wannan.

Ga wanda bai san tushen maganar ba: a da ni ne mai riƙe da littafin sito a wani wurin ajiyar albasa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, kuɗin buhu ya yi tashin gwauron zabi a Kumasi. A lokacin ne wanda yake sama da ni a wurin aiki ya ce in rubuta buhu 60 a jerin waɗanda suka ruɓe, a sayar a gefe, a ba ni rabona. Albasa dai tana ruɓewa, maigida kuma ba ya gari, ba mai tambaya. Na ce ba zan rubuta ba. Ya yi dariya ya ce, “To, Fasto.” Sunan ya bi ni a kasuwa, yaran mota ma da shi suke tsokanata. Bayan mako uku buhunan suka ɓace, aka ce mabuɗi a hannuna yake.

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48, kuma an kai ni. An ma ba da belina, da sharaɗin mutum biyu su tsaya mini, ɗaya ya kawo takardar gida ko fili. Ni ɗan haya ne, mahaifina ma a haya ya rasu. Yawancin 'yan majami'armu masu gadi ne da 'yan dako da mata masu tuyar ƙosai. Wa ke da takardar gida? Haka aka yi ta ɗage shari'a, yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe ba a ga fayil ba.

Zan faɗi gaskiya domin masu cewa na yi jarumta. Na sha karanta yadda Bulus da Sila suka yi ta addu'a da waƙar yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi. Ni watanni biyu na farko ko addu'ar kirki ban iya ba. Muna kwana a cunkushe, ba ka juyawa sai na kusa da kai ya juya, ƙaiƙayi ya cinye mini jiki. Abin da nake maimaitawa kawai shi ne, “Ya Ubangiji, ka gani fa, ka gani.” Wani dattijo a ɗakinmu, wanda ya shekara uku yana jiran shari'a, shi ya tuna mini da Yusufu: bayan mai shayar da Fir'auna ya fita ya manta da shi, sai da ya ƙara shekara biyu cur a ɗaure. Ya ce, “Ɗana, ko ran da aka manta da shi, Allah na tare da shi.” Baba, har yanzu kana ciki, ni ban manta da kai ba.

Gwaji mafi tsanani daga wurin mai ƙaunata ya zo. A wata na shida kawuna ya ziyarce ni, idonsa cike da hawaye. Ya ce, “Ka amsa laifin nan kawai, ka roƙi sassauci. Wataƙila tara za a ci ka, mu haɗa mu biya, ka koma wa 'ya'yanka.” A makon nan autarmu tana kwance da zazzaɓin cizon sauro. Ban yi barci ba. Na ce a raina, ƙarya ɗaya ce, Allah kuma ya san gaskiya. Na yanke shawarar amsawa.

Da uwargidana ta zo na gaya mata, sai ta yi shiru, can ta ce, “Baban yara, ka ƙi rubuta ƙarya don kuɗi, yanzu za ka faɗe ta da bakinka don mu? Ni zan iya da yaran. Kada ka sa mu zama dalili.” Ta bar mini wata 'yar takarda da ta rubuta 1 Bitrus 2:19-20 a kai, inda manzo yake cewa ba abin yabo ba ne a daki mutum don laifinsa ya jure, amma in ya yi nagarta ya sha wuya ya daure, wannan abin karɓa ne gun Allah. Takardar tana aljihuna har yau, ta yi laushi kamar tsumma. Maman yara, kin tashi ƙarfe huɗu na asuba kina dafa wake da shinkafa na sayarwa, kin biya haya da kuɗin makaranta, kin sha habaici a bakin famfo ana kiran ki matar ɓarawo. Ba ni da bakin gode miki. Allah ya sāka miki, ya sa ki ci moriyar yaran nan.

Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, ba ku fasa zuwa ba ko sau ɗaya, ko ran da kuɗin motar haya ta trotro ma sai an yi karo-karo. Zumuntar mata, garin rogo da sukari da sabulun da kuke aikowa mutum fiye da goma ke amfana da su a ɗakinmu. Matasa, na ji labarin azumin kwana uku. Lauyar da ta karɓi shari'ata ba ta nemi ko pesewa ba, ita ce ta bi direbobi har ta samo takardun lodin da suka wanke ni. Madalla da ke, ranki ya daɗe.

Sai Alhaji, mai gidan da muke haya. Gidan na gado ne, sai da ya yi wata da watanni yana lallashin 'yan'uwansa kafin su yarda ya kai wa kotu takardar gidan. Wasu sun ce masa, “A kan Kirista za ka jefa gidan ubanku cikin hatsari?” Ya ce shekara 11 muna shan ruwan randa ɗaya, bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Da takardarsa na fito. Da na ga hotunan Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, a cocin Christ the King na Akara ranar Ista ta 2019, na ɗauka irin wannan sai manya. Ga shi na gan shi a tsakar gidanmu. Alhaji, Allah ya ja kwana, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini.

Wanda ya yi mini sharrin kuwa, ina roƙon kowa kada a taɓa shi, kada a zagi iyalinsa, 'ya'yansa ba su san komai ba. Na ce na yafe a gaban Allah. Amma in na tuna autata ta koyi tafiya ba na nan, zuciyata takan sake tafasa, sai in koma in durƙusa. Ku taya ni addu'a a kan wannan, da kuma aiki, don har yanzu ban samu ba.

Ranar Lahadi mai zuwa za mu yi sujadar godiya da ƙarfe tara na safe, bayan an tashi akwai tuwo a gida, kowa da kowa muna gayyata. Don Allah kada a kawo mini kyauta. Mai hali ya zo da sabulu, ko gari, ko maganin ƙaiƙayi, ko tsohon bargo mai tsabta. Ranar Asabar ta sama ni da Baba Fasto za mu kai wa waɗanda na baro a ciki, mutum 40 da ɗoriya ne a ɗakinmu kaɗai.