Tabon ciyawa a tufafin damina

Da zarar ruwan sama ya zauna a Zariya, wato daga watan Yuni zuwa Satumba, filayen da suka bushe ƙamas da rani sai su koma kore shar, kuma daga nan ne aikin mai wanki yake ƙaruwa. Yaran makaranta suna komowa gida gwiwar wando ta yi tsanwa, samarin da ke buga ƙwallo a Samaru da Tudun Wada suna kawo jesi da safa a cikin irin wannan hali, sannan a 'yan shekarun nan da Babbar Sallah take faɗowa a farkon damina, har farar shaddar magidanci ba ta tsira ba idan gefen riga ya zarce darduma a filin Idi. A ganina, yawancin tabon da ake cewa ya gagara ba ƙarfin ciyawa ne ya zaunar da shi ba, ruwan zafi ne da dutsen guga suka zaunar da shi.

Abin da ke sa ganye ya yi kore shi ne sinadarin kulorofil, kuma idan aka murje ciyawa a jikin yadi, yakan fito tare da furotin da sauran ruwan jikin tsiron, ya shiga cikin zare kamar rini. Wannan sinadari ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa za a wuni ana cuɗa wando da ruwa zalla amma koren yana nan daram. Auduga ta fi yadin roba shan sa, don haka yunifom ɗin auduga ya fi jesi wahalar wankewa. Zafi kuwa yana daskarar da furotin ɗin a cikin zare, saboda haka duk wanda ya tafasa ruwa domin ya ci ƙarfin tabon, ko ya goge rigar alhali da sauran alamar kore, ya ƙara wa kansa aiki ne kawai.

Hanyar da na fi amincewa da ita tana farawa ne da haƙuri. Idan akwai taɓo a wurin, a bar shi ya bushe, a kakkaɓe shi da buroshi, domin goge shi yana ɗanye yana ƙara tura shi cikin zare. Sai a juya tufar baibai, a zuba ruwan sanyi ta bayan tabon yadda dattin zai fita ta inda ya shigo. Bayan haka a samo sifirit a kemis, wanda ba shi da launi, a shimfiɗa farin tsumma a ƙarƙashin wurin, a jiƙa auduga da sifirit ɗin a riƙa dannawa daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa. Kulorofil yana narkewa a sifirit, kuma za a ga koren yana sauka a kan tsumman, wanda ya kamata a riƙa gusar da shi zuwa wuri mai tsabta. Sifirit yana kama wuta nan take, don haka ba aikin da za a yi kusa da murhu ko risho ba ne, kuma ya kamata a fara gwada shi a cikin kalmasa ko bayan aljihu, domin akwai atamfar da take zuba.

Daga nan sai a dama garin omo da ruwa kaɗan ya yi kauri, a shafa a wurin, a bar shi kamar minti 20 zuwa 30 kafin a wanke. Wanda aka rubuta a jikin ledarsa cewa yana ɗauke da enzayim ya fi dacewa, domin shi ne yake farfasa furotin. Sabulun wanki ma yana yin aiki idan tabon sabo ne, sai dai yakan buƙaci a maimaita.

Akwai wani abu da mu mazauna wannan yanki muke fama da shi wanda shawarwarin intanet ba su cika ambata ba, wato jar ƙasa. Yaron da ya zame a fili ba kore kaɗai yake ɗebowa ba, har da ja, kuma jan nan na sinadarin ƙarfe ne da ke cikin ƙasar, dangin tsatsa. Bilic irin su Hypo da Jik ba ya fitar da tsatsa, yana ma iya ƙara zaunar da ita, shi ya sa ake ganin farin wando ya yi fari tas amma gwiwarsa ta koma ruwan ƙasa. Maganin wannan shi ne tsami: a matsa lemun tsami a wurin, a barbaɗa gishiri, a shanya a rana na ɗan lokaci, sannan a ɗauraye. Farar tufa kaɗai ake yi wa haka, domin lemun tsami da rana suna koɗar da mai launi. Kuma wajibi ne a ɗauraye tsamin sarai kafin bilic ya taɓa tufar, saboda haɗuwar bilic da duk wani abu mai tsami tana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu. Bilic ɗin kansa na farar auduga ne kawai, a tsarma shi da ruwa mai yawa, ba a tsiyaya shi kai tsaye a kan yadi ba, domin yana cin zare.

Shadda da babbar riga mai aikin hannu, wanda Birnin Zazzau ya yi suna a kansa, lamarinsu daban ne. Cuɗa da buroshi suna kashe ƙyallin shadda a wuri guda, har wurin ya fi tabon muni, kuma zaren aikin yana iya zuba a kan farin yadi. A nan gara a tsaya ga dannawa da auduga a hankali, ko a kai wa mai wanki da guga wanda ya san aikinsa, a nuna masa wurin, a kuma gaya masa cewa ciyawa ce, domin kada ya sa sitati ya bi da guga ko ya miƙa wa masu bugu kafin koren ya fita. Jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye sauran tabo, saboda haka sai tufar ta bushe ake duba ta a hasken rana, idan da saura a sake bi da sifirit da sabulu.