Talata: agogon da na bari yana ƙirga

Da safe na tashi da ƙarfin gwiwa, domin jiya da dare Auta ya gama shirya mini fuskar wayata yadda na daɗe ina so. Ya kwashe tarin manhajojin da suka cika shafin farko ya mayar da su ciki, ya bar mini wijet biyu kacal, wato ƙananan akwatunan da ke nuna aikin manhaja a fuskar waya ba tare da an buɗe ta ba. A sama akwai jerin ayyukana na Google Tasks, a ƙasa kuma agogon Toggl Track, wanda idan na taɓa maɓallinsa zai fara ƙirga lokacin aiki, idan na sake taɓawa ya tsaya. Amfaninsu a wurina shi ne ba sai na shiga neman manhaja ba, balle idona ya faɗa kan saƙonnin WhatsApp in shagala. Ayyuka biyar na rubuta. Da ƙarfe 9:10 na taɓa maɓallin, na buɗe fassarar nan ta jagorar ma'aikatan lafiya da nake dubawa, aikin kuwa ya riƙa tafiya sumul.

Wajen sha ɗaya da rabi Inna ta kira ta ce an yi rasuwa a gidan aminiyarta a Gwammaja, in zo in raka ta gaisuwa. Na rufe kwamfuta, na yafa mayafi, na jefa wayar cikin jaka.

Sai bayan la'asar Yaya ya ɗauko mu ya dawo da mu gida. Ina ciro wayar, lambar da ta fara tarar idona ita ce awa 6 da minti 52, kuma daƙiƙoƙin suna ta gudu a gabana. Gabana ya faɗi, domin mutanen da nake yi wa wannan aiki da awa suke biyana, kuma rahoton da wannan agogon ya fitar shi nake tura musu kowace Juma'a. A kwamfuta manhajar takan lura idan mutum ya daɗe bai taɓa komai ba, ta tambaye shi ko za a zubar da lokacin. Wayar da ke cikin jaka kuwa ba ta da hanyar sanin ko ina kan tebur ko ina zaune a tabarmar makoki.

Na nuna wa Yaya. Ya duba ya ce, "To mene ne abin tashin hankali? Ki bar shi haka mana. Dare nawa kika raba kina duba ƙamus ba tare da kin kunna musu agogo ba?"

Na ce, "Yaya, wancan ni na ga dama na yi. Wannan kuwa idan na tura, na ce musu na yi aiki a lokacin da ban yi ba, kuma hakki ne."

Bai yarda nan take ba. Ya ce shi ma yana da irin waɗannan akwatunan a iPhone ɗinsa tun da aka kawo su a 2020, ko da yake sai a 2023 aka ba su damar a sa wa aiki alamar kammalawa daga fuskar waya kai tsaye, abin da mu masu Android, da muke da wijet tun 2009, muka riga su sabawa da shi. A ganinsa duk kayan tunatarwa ne, bai kamata in mayar da su alƙali a kaina ba. Daga nan ya yi mini tambayar da har yanzu take cina. Ya ce, "A hanyarku ta zuwa, ba ke kika ce mini a cikin adaidaita sahu kika samo kalmar da ta gagare ki tun jiya ba? Wannan ba aikinsu kike yi ba?"

Gaskiya ya faɗa. Tun daga bakin titinmu har muka sauka ina juya jimla ɗaya a raina, kan yadda za a bayyana wa uwa alamomin bushewar jiki ga yaro mai gudawa ba tare da an tsorata ta ba, kuma a nan na samo mafita. Na rubuta ta a bayan katin gaisuwar da aka raba a gidan. Ban kunna agogo don wannan tunanin ba, amma agogon yana kunne, kuma tunanin nasu ne. Na rasa amsar da zan ba shi, sai na ce zan duba.

Bayan magariba na zauna na gyara. Tarihin kira ya nuna Inna ta kira ni da 11:38, fayil ɗin kuma ya nuna na adana shi na ƙarshe da 11:31. Na ɗauki na biyun, na mayar da lokacin tsayawa can, awa 6 da minti 52 suka koma awa 2 da minti 21. Mintunan cikin adaidaita sahu ban saka ba, domin ba ni da abin da zan kafa hujja da shi ko a wurin kaina, kuma na fi son abin da zan tura ya zama wanda zan iya rantsuwa a kansa. Duk da haka raina bai kwanta ba, don na san maganar Yaya tana da ƙamshin gaskiya.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne wijet ɗin sama. Cikin ayyuka biyar ɗaya kawai na sa wa alama, sauran huɗun suna nan jere, duk lokacin da na kunna waya sai na gan su. Wunin da na yi riƙe da hannun Inna, tana kuka tana ba ni labarin yadda suka yi makarantar allo tare da marigayiyar, babu inda ya fito a fuskar wayar, duk wanda ya duba zai ɗauka na wuni a banza. Na yi niyyar rubuta "raka Inna gaisuwa" in sa masa alama don jerin ya yi kyau, har na fara, sai na ji abin bai dace ba, na goge.

Auta ya ce gobe zai saka mini tunatarwa da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da nake tashi sallah, don in riƙa duba ko agogon yana tafiya. Ayyuka huɗun na mayar da su Laraba. Katin gaisuwar yana nan kan tebur kusa da kwamfuta, jimlar da ke bayansa ita zan fara shigarwa da safe.