Abin da Kukan Fanka Ya Koya Mini a Gareji

Ina shekara ta biyu da fara koyon aikin wayar mota a Agege, wani dattijo mai fataucin shanu ya kawo mana Toyota Corolla, ya ce fankar cikin motar ba ta tashi sai an kai ta lamba ta ƙarshe. A Legas ba kowa ke tunawa da hita ba, amma fanka ɗaya ce take hura iskar zafi da ta sanyi, kuma ita ce take share raɓar gilashin gaba idan ruwan Yuni da Yuli ya tsuge.

Na san karatun wannan matsala. Akwai rizisto da yake rage wa fanka wuta a ƙananan lambobi, alhali a babbar lamba wutar batir mai bolt 12 tana isa gare ta kai tsaye, don haka idan ya ƙone, babbar kaɗai ke saura. Na tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo na sayo wani na ɗaura, lambobi huɗun duka suka tashi. Na ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin dashbod, amma murnar gama aiki ta hana ni tsayawa a kansa.

Bayan kwana goma dattijon ya dawo ransa a ɓace. Ruwa ya tare shi a tsakiyar gadar Third Mainland, fankar ta mutu ɗungurum, gilashi ya rufe, ya riƙa goge shi da hularsa yana tuƙi da hannu ɗaya, ga jikokinsa biyu a baya. Har yau idan na tuna wannan, gabana yana faɗuwa.

Maigidana bai yi mini tsawa ba. Ya sa na kwance fankar daga bayan akwatin da ke gaban fasinja, ya ce, "Yaro, juya ta da yatsanka." Da ƙyar ta motsa. Boris ɗinta, wato zoben ƙarfen da sandar injinta ke juyawa a cikinsa, ya bushe ya cinye, ga busassun ganyaye da tsummokaran da ɓera ya tara a cikin fukafukanta. Ya bayyana mini cewa injin da yake juyawa da ƙyar yana jan wuta fiye da ƙima, kuma wannan ne ya ƙona rizisto na farko, ya dawo ya katse fiyus. Ashe ni alamar ciwon na yi wa magani.

A wurinsa na koyi bambance ƙara: ƙas-ƙas ganye ne ko takarda, girgiza datti ne ya taru a gefe ɗaya, siririn kuka kuwa boris ne, wanda ɗigon mai yakan lallashe shi na ɗan lokaci kawai. Muka sa wata fankar, muka canza matatar iska, Maigida ya yafe kuɗin aiki. Ni kuma na raka dattijon har bakin titi ina ba shi haƙuri, ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi wa sana'ata albarka.